Jirgin Shinkafar Ƙasimu

A unguwar Sih, nan Madina, akwai wani mutum da ake ce wa Ƙasimu. Ya ba arba'in baya, gemunsa ya soma fari, amma babu wanda zai nuna maka abu ɗaya ya ce ga abin da Ƙasimu ya fara ya gama. Ya sayar da tsire a unguwar Sultana, ya ƙona rumfar maƙwabcinsa. Ya ɗauko dabino daga Khaibar, ya bar shi cikin mota kwana uku a tsakiyar zafi, ya iso da abin da sai da ludayi ake ɗiba. Ya yi kiwon tantabaru a saman gida, rana ɗaya suka tashi suka koma wajen wanda ya sayar masa da su.

Duk sanda abu ya rushe masa, magana ɗaya ce a bakinsa. Sai ya gyara zaman mayafin kansa, ya ce rayuwa ƙiɗarul maut ce, hawa da sauka.

Wanda bai san ƙiɗarul maut ba, wato jirgin mutuwa, bai yi asarar komai ba. Wani keken ƙarfe ne a kan dogo, a wuraren wasan nan da ake kira malahi. Mutum da hankalinsa zai kai kansa a ɗaure shi a kujera, a ja shi sama kamar guga, a sake shi, ya taho ƙasa yana ihu yana kiran Allah da bakin da bai san nafila ba. 'Yan zamani suna ce masa rola kosta. Daga nan mutane suka ari sunan suna liƙa wa duk abin da ya ƙi zama wuri ɗaya, ko ciniki ko lafiya ko zaman aure. Ƙasimu ya ɗauki wannan magana ya mai da ita bargon rufe shiririta. Amma mutanen Sih sun ga saukarsa ba adadi, hawan ne babu wanda ya taɓa gani.

Ba a magana ya tsaya ba. Cewa yake shi ya hau na gaske, babban na Jidda, sau bakwai a jere, da kofin shayi a hannu, ko ɗigo bai zube ba. Duk sanda ya ɗauko wannan labari, matarsa Tasallah sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da abin da take yi. Tana Jidda ranar, tana sabuwar amarya, amma ba ta taɓa sa baki ba.

Tasallah mace ce mai aiki da hannu da rufe baki. Shekara goma sha tara tana bin tsohuwa Uwa, mai girkin taron unguwa, tana wanke nama tana tsame shinkafa, sunan kuma yana tafiya wajen Uwa. Da gwiwoyin Uwa suka ƙi ɗaukarta, sai wurin ya zama babu kowa. A Sih kuwa ba a sa tukunyar biki ko ta suna sai an ji ta bakin Hajiya Iyatu, yayar mahaifin Ƙasimu. Wadda Iyatu ta nuna ita ce mai girki, wadda ta kau da kai daga kanta ta koma wanke kwano.

Ana nan sai autan Iyatu, Mu'azzam, ya samu ɗa namiji bayan shekara goma sha ɗaya ana jira. Iyatu ta aika aka kira Tasallah. Ta ce rago biyu za a yanka, faranti takwas manya, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

"Idan mutane suka ci suka yi shiru, girkin Sih naki ne," in ji ta. "Idan suna ci suna magana, zan nemi wata."

Tasallah ta ce to, Gwaggo, ta fito. Ragon suna ba naman kasuwa ba ne da za a ce in ya lalace a ƙaro wani. Shi ke nan wanda aka yanka da sunan yaron.

A istiraha za a yi taron, irin gidan nan mai fili da ake haya don hidima. Doguwar katanga ta raba shi biyu, maza a gabas, mata a yamma. Kicin yana ɓangaren mata. A jikin katangar akwai wata 'yar ƙofa, ta nan ake miƙa faranti, samari su karɓa su kai gaban baƙi. Haka ake yi tun kafin a haifi Ƙasimu, ba a taɓa jin wanda ya kwana da yunwa ba. Mai gidan ya tafi gonarsa a Khaibar, ya bar mabuɗi. A nan Iyatu ta yi kuskurenta guda ɗaya: ta ba Ƙasimu mabuɗin, ta ce ya je ya sa a share a shimfiɗa darduma, tunda wannan dai ba ya son basira. Da zai fita ya ga keken guragunta a zaure, wanda ake tura ta a kai idan za ta Harami. Ya ce taya tana kuka, bari ya kai a sa mata mai.

Bai kai keken ko'ina ba sai shagon Abdou, wani mai walda ɗan Maraɗi da ke aiki a Sultana. Ya shimfiɗa masa takardar burodi da ya yi zane a bayanta, ya ce daga yau a riƙa ce masa Muhandis, wato injiniya. Ya ce ya gaji da ganin samari suna ɗaukar faranti kamar zamanin raƙuma. Shi zai kafa dogo daga bakin kicin, ya hau saman katanga, ya gangara cikin filin maza, ya yi tudu ɗaya saboda ƙawa, ya zagaye bishiyar dabino, ya tsaya cak a gaban liman. Za a ɗora faranti a kan keke, a ja igiya, abinci ya zo da kansa. Daga wannan suna, in ji shi, duk istirahar Madina sai ta neme shi, har Yanbu.

Abdou ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, ya tambaya ina gaban yake. Da aka nuna masa, sai ya ce to mi zai tsai da keken in ya iso. Ƙasimu ya ce abin da ya san inda za shi, shi ke tsai da kansa. Abdou ya ce ya taɓa jin haka a bakin wani direba a hanyar Konni, Allah ya jiƙansa.

"Kai walda ka sani," in ji Ƙasimu. "Ni na hau abin nan sau bakwai. A jikina ilimin yake."

"To Muhandis, ni ƙarfe nake haɗawa, ba hankali ba. Zan liƙa maka abin da ka zana. Amma in an tambaya, ka ce aljanu suka yi."

Kwana huɗu suna aiki a istiraha. Bututun ƙarfen da Ƙasimu ya kwaso don dogon bai isa ba, ya duba ya ga dogon tsanin ƙarfe na mai gida a jingine, ya sa Abdou ya yanka shi gunduwa-gunduwa. Abdou ya ce a bar tsani ɗaya a gida yana da amfani. Ƙasimu ya ce mai dogo ba ya bukatar tsani. Da aka zo kafa ginshiƙin da zai riƙe ƙololuwar, sai ya zama babu inda ya dace sai daidai bakin 'yar ƙofar nan. Aka kafa shi a nan, aka zuba masa siminti, ƙofa ta toshe. Ranar Alhamis suka gwada da buhun siminti da ya rage. Buhu ya hau, ya gangara, ya zagaye dabino, ya daki tulin darduma ya tsaya. Ƙasimu ya yi ta zagaye fili yana cewa an gani ko. Abdou ya ce an gani, amma buhu ba shi da romo. Ƙasimu bai saurare shi ba, ya ciro waya ya kira samarin dangi ɗaya bayan ɗaya, ya ce kowa ya zo da farar rigarsa ya zauna cikin baƙi, babu mai ɗaukar faranti gobe.

Tasallah ba ta san komai ba. Ta dai ga mijinta yana dawowa da ƙurar ƙarfe a gemu yana waƙa, waƙar nan da ya yi lokacin tantabaru. Ta tambaye shi, ya ce ta ji da tukunya, ranar Juma'a za ta san wa ta aura.

Ranar Juma'a bayan asuba ta isa istiraha da mata biyu masu taya ta. Tana shiga ta ga wani abu ya taso daga bakin kicin ya haye katanga, kamar ƙashin bayan wata dabba da ta mutu a tsaye. A gindinsa keke na jira, an ɗaura masa ƙyalle kore na ado. Ta je wajen ƙofar miƙa abinci ta tura, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Ta tsaya ta dubi ginshiƙi, ta dubi keke, ta gane keken. Nama ba ya jiran mai fushi. Ta ɗaura zani ta hau aiki.

Girkin kuwa ya yi. Shinkafa ta tashi ɗai-ɗai, nama yana rabuwa da ƙashi da taɓawa, ƙamshin ya haye katanga ba tare da dogo ba. Sai da ta rufe tukunya ta ƙarshe sannan ta kira Ƙasimu a waya, yana can bayan katanga. Ta ce ya cire ginshiƙin. Ya ce siminti ya kama. Ta ce ya tara samari su zagayo ta titi. Ya ce ya riga ya sanar da mutane, har wasu daga Sultana sun zo kallo, so take ta kunyata shi a gaban maza? Ta kira shi da alkunyarsa, ta ce Abu Saif, ragon suna ne. Ya ce shi ya sa ya cancanci ya zo a kan keke.

Kafin su gama, an sauko daga masallaci. Maza suka cika fili, suka tara takalma a bakin darduma, daidai ƙarƙashin kwarin da dogo ya yi kafin tudu. A ɓangaren mata Iyatu tana cikin ɗaki da jariri a cinya, mata sun kewaye ta, sun ajiye abaya sun sake. Ta aiko ta ce ana jiran abinci.

Tasallah ta yi dabara. Ta ce bari a fara da abin da ba a yanka ba. Ta jera kwanonin nono da yaji da salak a faranti, ta ɗora a keke, ta buga ƙarfen da ludayi. Can ta ji muryar mijinta yana jawabi. Ya ce 'yan uwa, kakanninmu sun zo garin nan da ƙafa, yau ga jikansu ya sa abinci yana tafiya da taya. Ya ja igiya, keke ya hau yana kuka, domin man da aka ce za a sa masa ba a sa ba. Ya kai ƙololuwa, ya leƙa, ya gangara. Ya zo tudu ya hau rabi, ya tsaya kamar mai tunani, ya komo da baya. Ya hau ɗaya gefen, ya sake dawowa. Maza sittin suna binsa da kai, dama, hagu, dama, hagu. A kowace dawowa kwano ɗaya yana sauka. Da keken ya gaji ya tsaya a cikin kwari, babu takalmin da bai sha nono ba. Wani dattijo ya ɗaga nasa ya duba, ya ce shekara sittin yana zuwa suna, yau ne aka fara ba takalminsa kafin shi.

Ƙasimu ya ce ai wannan shi ake tsammani, kaya ne ba su da nauyi. Jirgi yana son nauyi. A kawo babban faranti.

Tasallah ta ce ba za ta bayar ba. Sai ga aike na biyu daga ɗaki: Hajiya ta ce ko ragon bai mutu ba ne? Tasallah ta tsaya tsakanin tukwane da dogo. Ƙofa a toshe, samari a zaune cikin baƙi, tsohuwa tana ƙirga lokaci. Ta ɗauki farantin farko, wanda kan rago ke kai, wanda ake ajiyewa a gaban liman da dattawa, ta ɗora. Ta ɗaure shi da ɗankwali ta kusurwa biyu. Ta yi bisimilla, ba don ta yarda ba, sai don ba ta ga wata hanya ba.

Nauyi kam ya samu. Sai da mutum uku suka taya Ƙasimu jan igiya. Da keken ya saki ƙololuwa, ya taho da wani gudu da buhun siminti bai taɓa yi ba. Ya haye tudu bai ko gaishe shi ba. Ya iso kwanar dabino, keke ya juya, faranti ya juya tare da shi saboda ɗankwali, abin da ke cikin faranti kuwa ba a ɗaure shi ba, ya ci gaba da tafiyarsa miƙe. Shinkafa ta sauka a kan sahun samarin nan masu fararen riguna. Cinya ɗaya ta maƙale a cikin ganyen dabino. Kan ragon ya tashi ya wuce saman liman, ya faɗa tafkin wanka da ke ƙarshen fili, ya nutse, ya taso yana kallon jama'a da haƙora a waje.

Tasallah ba ta gani ba, amma ta ji. Ta ji ƙarar faranti, ta ji faɗawar abu cikin ruwa, sannan ta ji shirun da ba irin wanda Iyatu ta nema ba. Ta zauna a kan buhun gawayi. Abincin da ta tashi dominsa tun kafin kiran salla, ni'imar Allah, tana ƙasa kyanwoyi suna rububi. Saura bakwai.

Mutum mai kunya a nan zai nemi gafara ya ɓace. Ƙasimu sai ya ɗaga hannu ya ce jama'a, rayuwa ƙiɗarul maut ce. Ya ce laifin ɗauri ne, aikin mata ne, da an samu wanda ya san abin ya riƙe farantin da ba haka ba.

Abdou yana gefe yana tsince shinkafa daga hularsa. Ya ce, da murya wadda kowa zai ji, "Ai ga wanda ya san abin. Muhandis, kai da ka riƙe kofin shayi sau bakwai, faranti mi ne ne? Zauna mu ja ka, ka je ka karɓo da hannunka."

Ƙasimu ya ce keken ba na mutum ba ne. Aka ce keken mutum ne tun asali. Ya ce bayansa yana ciwo. Samarin da shinkafa ta ɓata wa riguna suka ce za su taimaka masa ya zauna. Ya ce ai ɓangaren mata ne, bai halatta ba. Aka ce ya rufe ido daga ƙololuwa, a miƙo masa. Kafin ya samo uzuri na huɗu, ya ga kansa a cikin keke, an ɗaure shi da ɗankwalin matarsa, samari takwas sun kama igiya, kowa da haushinsa.

Suka ja shi da baya. Ya wuce dabino yana murmushi. Ya wuce tudu murmushin ya ragu. Da aka fara hawa na gaske, ya ce a dakata ya gyara zama, ba wanda ya ji. Daidai ƙololuwa, a kan katanga, igiya ta zame daga 'yar tayar da take bi ta cije, taya ɗaya ta sauka daga dogo ta maƙale a tsakanin guntayen tsani. Keke ya tsaya a karkace. Aka ja gaba, ya ƙi. Aka saki, ya ƙi. Ƙasimu ya leƙa ƙasa sau ɗaya, ya rungume ƙarfe da hannu biyu, ya fara karanta duk abin da ya sani, wanda bai ɗauke shi lokaci ba.

Mata da ke tsakar fili suka ɗaga kai suka ga namiji zaune a saman katanga kamar ungulu. Wuri ya yamutse. Wannan ta ja labule ta rufa, wannan ta kifa kwando a ka, wata ta shige bayan tukunya. Hayaniyar ce ta fito da Iyatu, tana dogara sanda. Ta dubi dogo tun daga gindi, ta bi shi da ido har sama. Ba ta fara da ɗan ƙaninta ba.

"Wancan keken Haramina ne?"

Daga sama aka ce, "Gwaggo, ki sa a sauke ni."

Ta ce a kawo tsani. Abdou ya amsa daga bayan katanga, ya ce Hajiya, a kan tsanin yake zaune. Mu'azzam ya kira uwarsa a waya yana ta zuba Larabci, ya ce zai kira 'yan kwana-kwana. Iyatu ta amsa masa da Hausa, ta ce babu baƙon namijin da zai shigo mata fili da mota mai jiniya ranar sunan jikanta, abinci yana hucewa. Ta ce wanda ya hau da kansa ya jira.

Saura maganar ido. Ba zai yiwu mata su ci abinci namiji yana kallonsu daga sama ba. Aka ce ya rufe ido, ya ce in ya rufe jiri yake ji. Iyatu ta juya ta dubi Tasallah. Tasallah ta tashi daga kan buhun gawayi, ta warware ledar sufra da ake shimfiɗawa a ci abinci, mai zanen furanni, ta rataya ta a kan doguwar muciyar tukunya. Ta hau kan teburin kicin, ta miƙa hannu, ta lulluɓe mijinta tun daga kai har gwiwa. Ta sauko ta wanke hannu.

Sannan ta durƙusa gaban Iyatu ta faɗi gaskiya. Ta ce faranti ɗaya ya tafi, da kan ragon, kuma ita ta ɗora shi da hannunta. Saura bakwai, ƙofa a toshe, hanya ɗaya ce, a fita ta ƙofar mata a bi titi a zagaya zuwa ƙofar maza. Farantin kuwa mutum ɗaya ba ya ɗaukarsa a hannu ya yi wannan tafiya.

Iyatu ta ce a hannu? Ta ƙwace mayafin wata yarinya ta murɗe shi ta naɗa gammo, abin da 'yan matan wurin ba su taɓa gani ba sai a hoto. Ta ce uwarta da tulu a ka ta shigo garin nan. Ta kira tsofaffi da suna, waɗanda wuyansu bai manta ba. Tasallah ta ja abaya, ta ɗora gammo, aka ɗora mata na farko. Mata biyar suka fita a jere, kowace da faranti a ka, suka bi gefen titi ba mai riƙewa da hannu. Motoci suka rage gudu. A ƙofar maza samarin nan suka sauke su, kansu a ƙasa. Ko ƙwayar shinkafa ba ta faɗi ba. Tasallah ta ce a kai biyar ɗin ciki, a matsa a zauna goma sha biyu maimakon goma, biyun da aka bari a kicin kuma na mata ne.

Ta dawo ta tsaya a jikin katanga tana saurare. Aka yi bisimilla. Daga nan ba ta ƙara jin komai ba. Maza sittin, ba tari, ba hira, sai ƙarar ƙashi a kan faranti. A duk istirahar murya ɗaya ce ke tashi, daga ƙarƙashin ledar sufra, tana cewa ƙamshi yana shigowa, a tuna da shi.

Iyatu ta ci loma uku a hankali, ta suɗe yatsa. Ta nuna sama da haɓa, ta tambayi Tasallah, shin mutumin nan ya taɓa hawa abin nan na Jidda kuwa? Mata suka tsai da hannu. Tasallah ta dubi ledar, ta tuna kan rago a cikin ruwa.

"Ni na hau, Gwaggo. Ƙuruciya ce, Allah ya yafe mini. Shi yana ƙasa yana riƙe mini jaka."

Katanga ba ta hana magana wucewa. Ta faɗa ɓangaren maza, aka ji shirun ya fashe. Ledar furanni ta motsa, ta ce ranar yana da mura ne.

Iyatu ba ta yi dariya ba. Ta ce bayan salla akwai bikin 'yar gidan Zubair, rago shida, Tasallah ta fara shiri. Ta ce amma da sharaɗi: ranar girki a zo da Ƙasimu, a zaunar da shi a bakin ƙofa inda za ta riƙa ganinsa, a ba shi jakar Tasallah ya riƙe, tunda an gano aikin da ya taɓa yi ya gama lafiya.

Abdou ne aka aika Sultana ya ɗauko tsani. Sai da ya cinye, ya sha shayi kofi biyu, ya wanke takalminsa daga nono, ya jira aka yi la'asar. Da zai fita ya tsaya a gindin ginshiƙi ya ɗaga kai.

"Muhandis, yau dai mun ga hawan. Ka yi haƙuri, saukar tana hanya."

Nan labarin ya tsaya. Mai son dariya ya yi abarsa, amma farantin nan guda da ya zube ba abin dariya ba ne, kuma har yau keken Iyatu hagu yake ja.